Yadda Ƙwaƙwalwar Ɓera Take Karanta Gashin Baki

Ɓera, wanda wasu ke kira kusu, dabba ce mai yawon dare, kuma idonsa ba shi da ƙarfi sosai. Da gashin bakinsa yake lalube. Yana kaɗa shi gaba da baya sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ta haka yake sanin faɗin rami da kaushin bango.

Shi gashin kansa ba ya jin komai, kamar dai gashin kanmu. Jin yana can a gindinsa, cikin fata, inda jijiyoyi suka kewaye shi. Idan gashi ya taɓa wani abu ya lanƙwashe, sai jijiyoyin su aika saƙo zuwa gindin ƙwaƙwalwa. Daga nan saƙon ya ƙetara zuwa ɗaya ɓangaren, ya yada zango a wani wuri mai suna talamus, sannan ya isa ɓawon ƙwaƙwalwa. Wato gashin dama, ɓangaren hagu ne ke karanta shi.

Ɓawon nan hawa shida ne. A shekarar 1970, Thomas Woolsey da Hendrik Van der Loos na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka bayyana abin da suka gani a hawa na huɗu: ƙwayoyin jijiya sun taru rukuni-rukuni, kowane rukuni da siffar ganga. Suka ba su suna ganguna. Abin sha'awa shi ne jerinsu. Manyan gasun suna jere sahu biyar a kumatu, gangunan ma sahu biyar ne, kowace ganga da gashinta. Mai bincike yana iya nuna ganga ɗaya ya ce wannan ta gashi na biyu ce a sahu na uku. Samun taswira bayyananna haka a cikin ƙwaƙwalwa ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa masana suka rungume ta.

Amma fa ganga ba ta aiki ita kaɗai. Da zarar saƙo ya shigo, yakan bazu zuwa hawan sama da maƙwabtan ganguna, inda ake haɗa labarin gasu da yawa.

A 1973 mutanen nan biyu suka lalata gindin wasu gasu na jariran ɓeraye. Da ɓerayen suka girma, ba a sami gangunan waɗannan gasu ba. Wannan yana faruwa ne kawai in an yi aikin cikin kwanakin farko bayan haihuwa. In ɓera ya wuce nan, gangunansa suna nan daram ko da gashin ya tafi.