Turtuk: Ƙauyen da Ya Kwana a Pakistan, Ya Tashi a Indiya

Da Indiya da Pakistan suka yi musayar wuta a watan Mayun 2025, bayan harin Pahalgam da ya ci rayuka 26, masu sharhi sun ta maganar Kashmir kamar kwarin Srinagar ne kaɗai ake rigima a kansa. Ba wanda ya tuna da Turtuk, wani ƙauye da ke maƙale tsakanin duwatsun Karakoram, a bakin kogin Shyok.

Labarin rabon Indiya da Pakistan na 1947 sananne ne. Bayan yaƙinsu na farko a kan Kashmir, Turtuk ta faɗa ɓangaren Pakistan tare da sauran ƙasar Baltistan.

Amma tarihinta ya girmi ƙasashen biyu. Mutanenta Baltawa ne, Musulmi, harshensu ɗan'uwan na Tibet ne. Sarakunan gidan Yabgo na Khaplu suka mulki yankin shekaru aru-aru, kafin Zorawar Singh, kwamandan masarautar Dogra, ya ci Baltistan a 1840. Aurensu da cinikinsu da zumuncinsu duk yamma suke bi, wajen Khaplu da Skardu, inda kogin ya nufa.

A Disambar 1971, hankalin duniya na kan yaƙin Bangaladesh, sai Manjo Chewang Rinchen na sojojin Indiya da dakarunsa na Ladakh suka karɓe Turtuk da Tyakshi da Thang da Chalunka. Wanda ranar ta same shi a Skardu wajen karatu ko neman abinci, shi ke nan ya zama ɗan wata ƙasa. Mata suka rabu da mazajensu, 'ya'ya da iyayensu. Yarjejeniyar Simla ta 1972 ta bar layin da ya raba ɓangarorin biyu yadda yake.

Abin takaicin shi ne, a 2005 an buɗe motar fasinja tsakanin Srinagar da Muzaffarabad domin iyalan da aka raba, amma hanyar Turtuk zuwa Khaplu ko sau ɗaya ba a buɗe ta ba. Kafin harin Pahalgam, tsohon da ke son ganin ƙanwarsa da ke can sai ya nemi biza a Delhi, ya tsallaka ta iyakar Wagah, ya hau har Skardu. A 2010 Indiya ta buɗe ƙauyen ga 'yan yawon buɗe ido. Baƙo daga Turai zai iya shiga, ɗan gari da ke Khaplu kuwa ba hali. Jami'an Delhi da Islamabad me suke jira, sai tsofaffin 1971 sun ƙare? Bayan Pahalgam ma soke biza suka yi, suka rufe Wagah ɗin.