Me Ke Hana Mu Shiga Ofishin Malamar Ba Da Shawara?

'Yar uwa, sau nawa kika isa ƙofar ofishin nan gabanki na dukan uku-uku, kika juya? Tun 1977 tsarin ilimin Nijeriya ya tanadi masu ba ɗalibai shawara a makarantu, amma kunya da tsoron tonon asiri sun hana da yawanmu shiga.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne, sai dai damuwar auren dole ko faɗuwa jarrabawa in ta daɗe a ciki, rama take kawowa. Waɗanda suka daure suka shiga kan ce sun samu sauƙi don an saurare su ba tsawa, ba gori.

Kafin ki fara magana, tambayi malama: "Wa zai ji sirrina?" Haƙƙinki ne ki sani.