Gidan Wanka da Zafin Rana: Nazarin Kalmomi da Fasalin Gini a Zangon Agege

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce bayyana yadda za a iya gina gidan wanka mai aiki da rana a unguwannin Hausawa na Legas, tare da duba kalmomin da harshen Hausa ya tanada don wannan aiki. Abin da ya jawo nazarin shi ne yawaitar wuraren da Turawa ke kira "spa", sunan da ya samo asali daga wani gari mai maɓuɓɓugar ruwan magani a ƙasar Beljiyam. Masu fassara kan tsaya cik idan suka ci karo da wannan kalma, sai ka ce Bahaushe bai san wanka don neman lafiya ba.

2.0 Wanka a Rayuwar Bahaushe

Daga saiwa ɗaya Hausa ta fitar da wanka na jiki, da wanki na tufafi, da wanke-wanke na kwanuka. A ƙarƙashin wanka kuma akwai wankan jego, wanda mai haihuwa ke yi da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya har kwana 40. Akwai sirace, akwai tausa, akwai kuma dilka da ta shigo ta hanyar Barno da Sudan. Waɗannan su ne ayyukan da wancan suna na Turai ya tattara. Ta fuskar wuri kuwa, ruwan Wikki da ke Yankari a Jihar Bauci, wanda ɗuminsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, ya isa misalin wurin wanka a tsakiyar daji. Ya kamata a lura cewa ba kowane zafi ne lafiya ba, domin a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello sun danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego a Zariya da yawan gashi da kunun kanwa.

A Agege lamarin ya ɗauki wani salo. Cinikin goro da na shanu ne ya zaunar da Hausawa a can, musamman bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Fatake da 'yan dako da masu ci-rani, waɗanda da yawansu ba su da ɗakin kansu, su ne suka mai da gidan wanka sana'a. Galibi ɗakuna ne na bulo a jere, da rufin kwano, da rijiyar burtsatse da janareta ke ja, sai ganga a kan murhu ga mai son ruwan zafi. Man fetur da itace su ke cinye ribar mai gida, hayaƙinsu kuma ya faɗa wa maƙwabta.

3.0 Haske da Zafi

Kalmar "sola" ta riga ta zauna a bakin jama'a, amma ta haɗe abubuwa biyu da Hausa ta daɗe da rabawa, wato hasken rana da zafin rana. Faifan da ke ba da lantarki haske yake sha. An fara ƙera irinsa mai amfani a Amurka a 1954, aikinsa a gidan wanka kuwa shi ne jan ruwa zuwa tanki da kunna fitilu. Na'urar dafa ruwa dabam take, don ba ta buƙatar lantarki ko kaɗan. Farantin ƙarfe ne baƙi, an jera bututu a jikinsa, an rufe shi da gilashi. Baƙin launi ya kama zafi, gilashi ya hana shi fita, ruwan da ya yi zafi ya rage nauyi ya hau tankin da ke sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta yi aiki a kan irin wannan na'ura. Saboda haka ya fi dacewa a riƙa cewa "faifan hasken rana" da "tukunyar zafin rana". Mai gidan wankan da ya sayi na farko don ya dafa ruwa da lantarki ya yi asarar kuɗinsa, kuma ruɗanin suna na da hannu a asarar.

Sai dai Legas ba Sakkwato ba ce. Hadari kan rufe rana kwana da kwanaki a watannin Yuni da Yuli, don haka dole tanki ya kasance babba, a kuma naɗe shi da abin da zai tsare zafi.

4.0 Ƙarko da Ɗorewa

A nan ne magana ta fi nauyi. Ana fassara tunanin masana gine-gine na zamani da "gini mai ɗorewa", jama'a kuwa sai su fahimci gini mai ƙarko, alhali ba ɗaya ba ne. Ƙarko siffar abu ce da ke jure wahala ba tare da gyara ba. Ɗorewa kuwa ci gaban aiki ne ba yankewa, ba kuma tare da ƙarar da tushensa ba. Siminti na da ƙarko, amma masana'antarsa na fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya. Ginin tubali na neman yaɓe a kai a kai, amma ƙasarsa daga kududdufin unguwa take, in ya rushe kuma a sake kwaɓa ta. Kaurin bangonsa kan tsare zafin rana har dare. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ya nuna iyakar abin da tubali da azara da bakan gizo za su iya ɗauka.

To amma ruwan saman Legas ya kusa ninka na Kano, ga laima, ga shi kuma gidan wanka kullum a jiƙe yake. Rufin soro da makuba da indararo ba za su jure ba. Mafita ta fito daga maƙwabta. A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makaranta a 2001 da tubalin da aka matse da inji, ya ɗaga rufin kwano sama da bango, ya zarce da bakinsa waje, ruwa bai taɓa bango ba, iska kuma na ratsawa. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da irin wannan tubali a 2018, suka mai da tsohon masallacin ɗakin karatu. Idan aka ɗauko wannan fasali zuwa Agege, sai a yi harsashi da ƙasan bango da dutse da siminti, sama da tubali, rufin kuma ya ɗauki faifai da tukunya, ya tara ruwan sama.

Daji kam babu shi a Zango, inda taku ɗaya na fili kuɗi ne. Amma tsarin zaure da tsakar gida na iya ba da wurin zama da inuwa, ruwan wankan da aka tace da yashi da tsakuwa kuma ya shayar da ayaba da zogale maimakon ya kwanta a kwata.

Saura sunan tubalin. Ba bulo ba ne, tun da simintinsa kaɗan ne, ba kuma tubalin hannu mai siffar ƙwai ba ne. Ana ba da shawarar "tubalin matsi", bisa ƙirar da ta samar da "tubalin toka".