Uba, Yaushe Rabonka da Kallon Fuskar Ɗanka?

Akwai lokaci a rayuwar gidan Bahaushe da uba ke daina kallon ɗansa. Yana jinjiri kowa ɗaukarsa yake yi, ana gardamar wa ya ɗebo, hancin wane ne, goshin wane ne. Yana rarrafe ana bin sa da ido kada ya faɗa murhu. Amma da zarar ya kai shekara 13 ko 14, murya ta fara buɗewa, wando ya ɗage daga idon sawu, sai kallon ya sauya. Uba zai dubi askin kansa ko na 'yan zamani ne, ya dubi idonsa ko ya yi ja, ya dubi takardar sakamakon jarrabawa, ya dubi abokan da suka yi sallama da shi. Duk wannan bincike ne, kuma haƙƙi ne a wuyan uba. Sai dai yaro ya san bambancin idon da ke neman laifi da idon da ke son sanin sa, shi ya sa da ya ji takun mahaifinsa a zaure yake miƙewa ya nemi ƙofar fita.

Ni malamin zane ne, kuma a hunturun da ya wuce na zana ɗana ɗan shekara 15 da fentin mai. Ɗan fari ne, don haka mai karatu zai yi mini uzuri idan ban kama sunansa ba. Abba muke ce masa a gida, domin sunan mahaifina ya ci. Abin da nake son gabatarwa a nan shi ne cewa amfanin irin wannan aiki yana cikin jinkirinsa, domin jinkirin ne ke zaunar da uba a gaban ɗansa na sa'o'i masu yawa, yana kallon sa ba tare da ya ba shi umarni ko ya yi masa faɗa ba.

Na san wani zai ce, ina dalilin wannan wahala alhali wayar da ke aljihu tana ɗaukar hoto kafin ƙiftawar ido? Amsar tana cikin yadda fentin yake. Fentin mai na masu zane daban yake da wanda ake shafa wa ƙofa da taga. Garin launi ne ake niƙawa da man irin wata shuka da ake kira linsid. Wannan mai ba ya bushewa kamar yadda ruwa ke bushewa a jikin wanki. Iskar oksijin yake sha a hankali har ya daskare, shi ya sa shafa ɗaya kan ɗauki kwanaki kafin a iya taɓa ta, kuma sai zane ya yi wata shida ko fiye kafin a shafa masa man ƙyalli na ƙarshe da ke kare shi. Akwai kuma ƙa'idar da duk ɗalibin zane ya sani: shafar farko a tsinka ta, mai kaɗan, sannan kowace shafa ta gaba ta fi ta ƙarƙashinta mai. Wanda ya juya wannan tsari, saman zanensa zai riga ƙasan bushewa, bayan 'yan shekaru ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Saboda haka babu hanyar gaggawa. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke manne wa ɗanyen fenti, dole bayan kowane zama a juya fuskar zanen bango a rufe ɗakin.

Zama tara muka yi, kowace Asabar da hantsi, kowane zama bai wuce minti 40 ba, domin matashi ba ya jure zama wuri guda fiye da haka. Sai da na nemi yardarsa kafin mu fara, na kuma bar masa zaɓin rigar da zai sa. Wannan yana da muhimmanci, domin fuskar da aka zaunar dole tana ɗaurewa, kuma ɗaurin ne zai fito a zanen.

Zaman farko na awo ne da gawayi. Ana koya wa ɗalibai cewa idanun babban mutum suna kusan tsakiyar tsawon kansa, na ƙaramin yaro kuwa suna ƙasa da haka, domin goshinsa ya fi haɓarsa girma. Fuskar ɗan shekara 15 tana kan hanya tsakanin biyun. Hanci ya riga sauran fuska girma, muƙamuƙi ya fara tsawo, zakaran wuya ya fito, gashin baki ya fara tsiro kamar inuwa, amma kumatu na nan da sauran taushin yarinta. A nan ne jarrabawar uba mai zane take, domin hannu yakan so ya zana yaron da ya sani a baya, mai zagayayyar fuska, ko kuma ya zana dattijon da yake fatan ya zama. Maganin wannan shi ne awo: a miƙa hannu da burushi, a rufe ido ɗaya, a auna daga gira zuwa ƙasan hanci, daga nan zuwa haɓa, a rubuta abin da aka gani. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A zanen ɗa kuwa, soyayya takan ɓata kimar, sai an koma ga mudun.

Sai batun launi. Mukan ce wane baƙi ne, wane wankan tarwaɗa ne, mu wuce. Wanda ya zauna ya haɗa launin fatar mutum zai tarar ba a buƙatar baƙin fenti sai ɗan kaɗan, ko ma a yi babu shi. Jar ƙasa ce da ruwan ƙasa mai duhu irin launin makuba, da ɗan rawaya a inda haske ya sauka, da shuɗi a goshi da doron hanci inda fata ke mayar da hasken sama. Kunnen da rana ta bi ta bayansa jajawur yake fitowa. Shekara 15 ina tare da wannan fuska, amma sai da aikin ya buƙaci a haɗa launinta kashi-kashi kafin a san yawan abin da ke cikinta.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne maganar da ta fito a cikin zaman. Tarbiyyarmu ta hana yaro ya zuba wa mahaifinsa ido, kuma kunyar ɗan fari ta hana uba sakin jiki da shi. Ba na cikin masu cewa a yi watsi da wannan, domin kunya ado ce, kuma ita ce ta riƙe girma a gidajenmu. Amma tana da tsada: a gida da yawa, duk maganar da za ta shiga tsakanin uba da saurayin ɗansa sai ta bi ta bakin uwa. Zaman zane ya warware wannan ba tare da ya keta kunyar ba. Na zaunar da shi a ɗan karkace, yana kallon taga, ni ina gefe, idona yana kai-komo tsakanin fuskarsa da ƙyallen zane. Babu haɗa ido, ga hannuna da aiki, ga shiru mai tsawo da ba wanda ya wajaba ya cike shi.

Zama uku na farko ban ji komai daga bakinsa ba sai "To, Baba." A na huɗu ya fara labarin ƙwallo. A na shida, ina cikin gyara inuwar ƙarƙashin haɓa, sai na ji ya ce, "Baba, in mutum ya ga abokinsa ya fara shan abin da bai kamata ba, in ya faɗa wa manya ya ci amana ke nan?" Ban ajiye burushi ba, ban kuma tambaye shi wane ne ba. Na ce, "In ka ga rigarsa ta kama da wuta, za ka yi shiru don kada ya ji kunya?" Ya yi shiru. A mako na gaba shi da kansa ya faɗi sunan yaron, muka san yadda muka isar da maganar ga iyayensa cikin sirri. Duk wanda ke zaune a biranen Arewa ya san nauyin wannan tambaya. A watan Mayun 2018 ne Gwamnatin Tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin saboda yadda matasa suka mayar da shi abin maye, kuma hanin bai sa iyaye sun daina fargaba ba. Tambayar da yaro ya ɗauki makonni yana juyawa a ransa ba za ta fito a minti biyun da yake durƙushe yana karɓar kuɗin makaranta ba.

Tarihin zane yana da misali da ya fi nawa nauyi. Rembrandt, shahararren mai zanen ƙasar Holan da aka haifa a 1606, ya haifi 'ya'ya huɗu da matarsa Saskia, uku suka rasu suna jarirai. Na huɗun, Titus, an haife shi a 1641, uwarsa ta rasu a shekarar da ta biyo. A 1655, yaron yana da kimanin shekara 14, uban ya zana shi zaune a bayan teburin rubutu, da alƙalami a hannu, ya tokare fuskarsa da babban yatsa, idonsa ya tafi wani wuri kamar ɗalibin da tunani ya ɗauke daga darasi. Zanen yana gidan adana kayan tarihi a birnin Rotadam. Shekara guda bayan haka bashi ya karya uban, aka yi gwanjon kayansa, daga baya har da gidansa na Amstadam. A 1660 wannan yaro, tare da Hendrickje, matar da ke zaune da mahaifinsa, suka kafa kamfanin cinikin zane, suka ɗauki Rembrandt a matsayin ma'aikacinsu don su kare abin da yake samu daga masu bin sa bashi. Titus ya rasu a 1668, watanni kaɗan bayan aurensa, uban ya bi shi a 1669. Wanda ya dubi zanen 1655 zai ga babu ado a cikinsa, babu ƙoƙarin nuna yaron a matsayin haziƙi ko mai ladabi. An bar shi yadda yake a wannan shekarar, kuma uban da bai daɗe yana kallon ɗansa ba ba zai kama wannan yanayi ba.

Mu ma a Nijeriya wannan fasaha ta daɗe da zama tamu. Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya yi suna wajen zana fuskokin mutanen Legas tun farkon ƙarni na 20. A 1958, a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane da ta nace cewa a haɗa dabarun da aka koya daga Turai da al'adun gida. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, wanda ya yi a 1974, an sayar da shi a Landan a 2018 a kan fiye da fam miliyan ɗaya.

Ba zan tsallake tambayar da na san tana ran mai karatu ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Malamai sun yi magana mai tsawo a kai. A mazhabar Malikiyya an bambanta mutum-mutumi mai inuwa, wanda aka haramta, da zane a kan shimfiɗaɗɗen abu, wanda hukuncinsa bai kai nan ba. Akwai kuma malaman da suka hana duka biyun. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zanen fuska ba, bai yi asarar abin da nake magana a kai ba, domin zaman shi ne abin nema, kuma kakanninmu sun same shi ta hanyar sana'o'in gado.

Ɗan maƙeri yana zuga zugazugi a gefen mahaifinsa tun safe har azahar. Ɗan marini yana tsaye a bakin karofi, ɗan dukawa yana riƙe fata, ɗan manomi yana bin kunya ɗaya bayan ta ubansa, ɗan malami yana wanke allo. A duk waɗannan wurare hannu na aiki, ido ba ya haɗuwa da ido, magana tana zuwa a lokacinta. Uba yana ganin ranar da ɗansa ya zo da damuwa ba tare da ya tambaya ba, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Yau uba yana ofis ko kasuwa, yaro yana makarantar kwana ko yana kan waya, in dare ya yi kowa ya ci tuwonsa daban. Mun bar sana'o'in don neman abin da ya fi, ba mu kuma tanadi wani abu da zai maye gurbin zaman da suke samarwa ba.

Shawarata ga 'yan uwana iyaye maza ita ce kowa ya nemi aiki mai jinkiri guda ɗaya da zai riƙa yi da matashin ɗansa ko 'yarsa a lokaci sananne kowane mako. Gyaran keke ne, ɗinkin hula ne, dashen itatuwa ne, kiwon tumaki biyu a bayan gida ne, ko koyon rubutun ajami. Sharuɗɗan uku ne. A ajiye waya. Kada a mayar da lokacin na wa'azi ko tuhuma, domin waɗannan suna da nasu lokacin. Sannan abin da yaro ya faɗa a wurin, da abin da aka yi tare, kada a kai shi majalisa ko a ɗora a Facebook sai da yardarsa. Zama na farko da na biyu za su iya wucewa babu wanda ya ce uffan, kada wannan ya karya wa uba gwiwa, domin sannu ba ta hana zuwa. Shekarun da ke tsakanin 13 da 19 kaɗan ne, kuma a cikinsu ne yaro ke yanke shawarar wanda zai riƙa kai wa damuwarsa. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu ne za su fara tunawa idan abu ya dame su.