Tsohon Teku A Ƙasar Fika: Abin Da Dutsen Farar Ƙasa Ke Faɗa Kan Neman Mai A Arewa Maso Gabas

Duk ranar Laraba Potiskum kan cika ta batse. Manyan motoci na jere a bakin kasuwar shanu suna jiran lodi zuwa kudu, wasu kuma na shigowa ɗauke da buhunan siminti daga Ashaka da ke Jihar Gombe. Kaɗan ne daga cikin masu sauke buhunan suka san asalin ƙurar da ke bin jikinsu. Dutsen da aka ƙona aka yi simintin, ragowar halittun ruwa ne da suka rayu a wani teku da ya shafe wannan yanki kimanin shekaru miliyan 90 da suka shuɗe.

Wannan tsohon teku na daga cikin manyan dalilan da suka sa gwamnatin tarayya ta shafe kusan rabin ƙarni tana neman ɗanyen mai a Arewa maso Gabas. Irin dutsen da ya bari, wanda masana ke kira kabonet, shi ne ke riƙe da arzikin Saudiyya da Ƙatar. Ga ma'aikacin da takardun kasafi ke ratsa teburinsa, da hadimin da ke rubuta wa maigidansa jawabi, tambayar ita ce ko kamannin ya isa a ɗora fata a kansa.

Sunayen gida a littattafan masana

Wanda ya buɗe taswirar duwatsun Arewa maso Gabas zai ci karo da sunayen da ya sani. A 1963 hukumar binciken duwatsu ta Najeriya ta wallafa rahoton Carter da Barber da Tait kan sassan lardunan Adamawa da Bauchi da Borno, kuma har yau tsarin da suka shimfiɗa ne ake ginawa a kai. Shimfiɗar da ke can ƙasa, ta dutsen yashi mai kauri, sunan Dutsen Bima ta ɗauka. A samanta akwai ta Gongila, inda dutsen farar ƙasa ke cuɗe da laka. Sai baƙar lakar da ta daskare wadda aka raɗa wa sunan Fika, tsohuwar hedikwatar masarautar Bolawa da fadarta ke Potiskum a yau. Sannan yashin Gombe. A can sama kuma, ƙasar da Potiskum ke zaune a kanta, an sanya mata sunan Karekare.

Kowace shimfiɗa na ba da labarin zamaninta. Lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage ta yi wani dogon kwari daga gaɓar tekun Gini har zuwa yankin Tafkin Chadi. Da farko koguna ne suka cika shi da yashi, shi ne Bima. Daga baya ruwan teku ya yi ambaliya ya shigo, har ta kai ga ruwan da ya taso daga arewa ta cikin Sahara ya haɗu da wanda ya taso daga kudu. Inda ruwan ya kasance mai ɗumi, garau, marar zurfi, halittu masu ɓawo sun yawaita, suka mutu, ɓawonsu ya taru ya zama dutsen farar ƙasa. Da ruwan ya ƙara zurfi sai laka ta kwanta, ta binne ragowar ƙananan halittu, ita ce lakar Fika. Ma'aikatan da ke fasa dutse a Ashaka, inda aka soma sarrafa siminti a 1979, sun saba tono burbushin wasu halittu masu kama da katantanwa a naɗe, shaidar da ba ta buƙatar gardama cewa wurin ya taɓa zama ƙasan teku.

Mai ba ya kwanciya kamar tafki

Da yawa sun ɗauka cewa ɗanyen mai na kwance ne a ƙarƙashin ƙasa kamar tafki. Ba haka abin yake ba. Mai na zaune ne a cikin ƙananan ƙofofin jikin dutse, yadda ruwa ke zama a jikin soso. Masu haƙar rijiyar burtsatse a Potiskum sun san wannan a aikace, domin ruwan da suke nema a tsakanin ƙwayoyin yashin Karekare yake, kuma in suka faɗa kan yumɓu zalla, ko da jiƙe yake, ba ya ba su komai.

Kafin a samu rijiyar mai da za ta biya kuɗinta, sai abubuwa 5 sun haɗu. Sai an samu dutsen da ke haifar da man, galibi baƙar laka mai ɗauke da ragowar halittu. Sai an binne shi ya kai zurfin da zafi zai dafa shi, wajen digiri 60 zuwa 120 a ma'aunin salshiyos; in zafin ya zarce haka sosai, man kan rikiɗe ya zama iskar gas. Sai an samu dutsen da zai zama rumbu, mai ƙofofi da hanyoyin da suka haɗa su. Sai murfi, wato shimfiɗar da ba ta yoyo. Sai kuma tarko, inda duwatsun suka lanƙwashe ko suka karye ta yadda man zai taru wuri guda. Dole kuma tarkon ya riga man zuwa. In guda ya ɓace, sauran huɗun ba su da amfani.

Halin dutsen farar ƙasa

Man Neja Delta, tun daga rijiyar Oloibiri ta 1956, a cikin dutsen yashi yake. Kogi ne ya ɗebo yashin ya zuba, ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyinsa kuwa suna da ɗan tabbas. Shi ya sa akasarin gogewar injiniyoyin Najeriya ta karkata ga wannan nau'i.

Dutsen farar ƙasa daban yake. A wurin da yake a nan aka haife shi, kuma ruwa na iya narkar da shi. Bayan ya kwanta, ruwan sama mai ɗan tsami kan ratsa shi ya buɗe ramuka, daga masu girman ƙwayar gero har zuwa kogo. Wani ruwan kuma kan zo da narkakken ma'adini ya toshe ramukan gaba ɗaya. A wasu wuraren ruwa mai sinadarin maganiziyom kan mayar da shi dolomait, canjin da a lissafi kan iya rage jikin dutsen da kusan kashi 13 cikin 100, ya bar sababbin ƙofofi. Idan ƙasa ta motsa, yakan tsattsage saboda taurinsa, tsagogin su zama hanyoyin da mai ke gudu.

Sakamakon haka shi ne rashin tabbas. Rijiya guda na iya yin ambaliya, wata da ke kusa da ita a cikin dutse iri ɗaya ta fito a bushe. Dutse na iya cika da ƙofofi amma babu hanyar da ta haɗa su, kamar gida mai ɗakuna da yawa babu ƙofar zaure. Tsagogin da ke saurin kawo mai su ne kuma ke saurin jawo ruwan ƙasa ya mamaye rijiya. Domin haka ne injiniyoyi ke ɗura ruwan asid a irin waɗannan rijiyoyi, ya ci dutsen ya buɗe wa mai hanya.

Duk da wannan hali, ƙiyasin da masana'antar ta saba ambata shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na man duniya da kashi 40 na iskar gas a cikin irin wannan dutse suke. Filin Ghawar na Saudiyya, wanda aka gano a 1948, ya kai tsawon kilomita 280 da faɗin kusan 30. Babban filin gas da Ƙatar da Iran ke rabawa shi ma a kabonet yake, haka man da Brazil ta gano a 2006 a ƙarƙashin gishirin teku. Filin Cantarell na Meziko ya nuna ɗaya fuskar: a 2004 yana ba da ganga fiye da miliyan 2 a kullum, cikin 'yan shekaru kuma ya zube warwas.

Inda Gongila ta bambanta da Ghawar

A Ghawar komai ya zo daidai. Dutsen rumbun na da kaurin gomman mitoci, ya bazu a fili mai faɗi, a ƙarƙashinsa akwai duwatsu masu yalwar abin da ke zama mai, a samansa kuma murfi na ma'adinin da teku ya bari bayan ya ƙafe. Tekun da ya ratsa ƙasar Fika siriri ne, bai daɗe ba, kuma koguna na ta kwararo masa laka daga gefe biyu. Halittun da ke gina dutsen farar ƙasa ba sa son ruwa mai dauɗa. Shi ya sa dutsen Gongila ya fito shimfiɗa-shimfiɗa marasa kauri, laka na raba tsakaninsu, da yawansa kuma mai laushin ƙwaya ne wanda ba ya barin ruwa ya ratsa sai in ya tsage ko ya narke.

Saboda haka masu bincike sun fi sa ido kan duwatsun yashi na Bima da Yolde da Gombe a matsayin rumbu. Lakar Fika da ta Gongila kuma ana kallonsu a matsayin masu haifar da mai da kuma murfi. Maƙwabta ma haka lamarin yake. Man Agadem na Nijar, wanda ke ciyar da matatar Zinder tun 2011, da man Doba na Chadi da aka soma fitarwa a 2003, duka a dutsen yashi suke. Dutsen farar ƙasa na Arewa maso Gabas, in ya taka rawa, ta mataimaki zai taka, a wuraren da tsagewar ƙasa ta buɗe shi.

Abin da rijiyoyi suka nuna

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa na 1990, kamfanin mai na ƙasa ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya na kwarin Chadi. An ga alamun gas a rijiyoyin Wadi da Kinasar, amma ba a samu abin sayarwa ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin Shell da Chevron da Elf sun haƙa rijiya guda-guda a kwarin Gongola. Ta Shell, Kolmani ta ɗaya, ta ci karo da gas. Sauran biyun ba su ba da komai ba.

Neman ya ci rayuka ma. A Yulin 2017 mayaƙan Boko Haram sun yi wa ayarin masu bincike kwanton ɓauna a yankin Magumeri na Jihar Borno. An kashe sojoji da 'yan sa-kai da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka kuma sace wasu malaman jami'ar, waɗanda ba a sako ba sai a farkon 2018.

A Fabrairun 2019 aka soma haƙa Kolmani ta biyu, a Oktoban shekarar kuma NNPC ya sanar da samun mai da gas. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ambaci ganga biliyan 1 ta mai da ƙafa biliyan 500 ta gas. A Mayun 2023 aka koma Borno da sabuwar rijiya a Wadi.

Tambayoyin da suka dace da teburin Abuja

Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa asusun neman mai a sababbin yankuna, ta kuma tanadar masa kashi 30 cikin 100 na ribar mai da gas da NNPC ke samu daga wasu nau'o'in kwangilolinsa. Kuɗi ne da jihohi da ƙananan hukumomi ke da ido a kai, domin abin da aka kashe a rijiya bai shiga asusun rabo ba. A ɗaya gefen, kashi 13 cikin 100 da tsarin mulki ya ware wa jihohin da ake haƙar ma'adinai na sa kowace jiha ɗokin a ce tana da mai.

A tsakanin waɗannan buƙatu biyu ne aikin ma'aikaci yake. Idan takarda ta zo da adadin ganguna, abu na farko shi ne a san ko man da ke cikin dutse ake nufi ko wanda za a iya fitarwa, domin a filaye da yawa na duniya abin da ake iya cirowa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, a kabonet mai wuyar hali kuma yakan gaza haka. Sai a tambayi ko an gwada kwararar rijiyar, ganga nawa ta bayar a kullum, tsawon kwana nawa. A nemi sanin rijiyoyi nawa aka haƙa don auna iyakar filin, da irin dutsen da man yake ciki, da ko an ciro samfurinsa an auna ƙofofinsa a ɗakin gwaji. Daga ƙarshe a lissafa kuɗin kai shi kasuwa: Nijar sai da ta shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Jamhuriyar Benin kafin ta soma fitar da manta ta teku a 2024. Hausawa sun riga sun taƙaita zancen: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Kafin rijiyoyi su yanke hukunci, tsohon tekun ya riga ya soma biyan mutanen yankin. Dutsensa ne ake ƙonawa a Ashaka shekaru fiye da 40. Lakar Fika na ɗauke da jifsom, ma'adinin da masana'antun siminti ba sa aiki sai da shi, kuma mutanen ƙauyukan yankin sun daɗe suna tono shi da diga da shebur suna sayarwa. Wannan arziki a fili yake, ba ya buƙatar rijiya mai zurfin kilomita 3 kafin a tabbatar da shi. Abin da yake jira shi ne hanya mai kyau, jari, da tsarin da zai sa mai tonon ya samu farashin da ya dace da guminsa, kuma akasarin waɗannan a kan teburan Abuja da Damaturu ake yanke su.