Abin da ya sa ajiye waya ke da wuya: yadda kafofin sada zumunta ke kama ƙwaƙwalwa

A watan Afrilun 2024, Hukumar Tarayyar Turai ta buɗe bincike kan TikTok Lite, wata manhaja da aka ƙaddamar a Faransa da Sifaniya. Manhajar na ba mutum maki idan ya kalli bidiyo ko ya danna alamar so, daga baya ya musanya makin da katin sayayya. Hukumar ta ce tsarin na iya jefa jama'a cikin jaraba, musamman yara, kuma a watan Agusta kamfanin ya amince ya janye shi baki ɗaya daga ƙasashen Tarayyar.

Sai dai galibin masu amfani da Facebook ko Instagram ko TikTok ba a biyan su ko sisi, hasali ma su ne ke kashe kuɗin data. Duk da haka mutum kan ɗauki waya don duba saƙo ɗaya, kafin ya ankara awa guda ta wuce. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin sirrin wannan, tun kafin a ƙirƙiro intanet.

Darasin tantabaru

B.F. Skinner, wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya shafe shekaru yana gwaji da ɓeraye da tantabaru. Yakan sa tantabara a akwati, idan ta saki wani maɓalli da baki sai abinci ya faɗo. Ya lura cewa tantabarar da ta saba samun abinci a kowane sara takan haƙura da wuri idan aka daina ba ta. Amma wadda ake ba jefi-jefi, ba tare da ta san yaushe zai zo ba, takan daɗe tana sara ko da babu abin da ke faɗowa. Shi da Charles Ferster sun tattara wannan aiki a wani littafi a 1957, kuma Skinner da kansa ya ce a kan wannan ƙa'ida injunan caca ke aiki.

Haka shafin sada zumunta yake. Yawancin abin da ke wucewa a gaban mai kallo ba ya tsinana masa komai, amma can sai ga bidiyon da ya ba shi dariya, ko yabo a ƙarƙashin hotonsa. Rashin sanin lokacin da hakan zai zo shi ke sa yatsa ya ci gaba da jan allo.

Aikin dofamin

A shekarun 1990, Wolfram Schultz ya auna abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar birai a Jami'ar Fribourg ta Suwizalan. Idan aka ɗiga wa biri ruwan ƴaƴan itace ba zato, ƙwayoyin da ke sakin sinadarin dofamin kan zabura. Bayan birin ya gane cewa wata fitila ko ƙara ce ke zuwa kafin ruwan, sai zaburar ta koma lokacin da alamar ta bayyana. A 2003, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa aikin ƙwayoyin a lokacin jira ya fi ƙarfi idan damar samun ladan ta kasance rabi da rabi. A waya, ƙarar shigowar saƙo da jan ɗigon da ke kan manhaja su ne fitilar.

Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya ƙara wani haske. Ɓerayen da aka rage wa dofamin sun daina neman abinci, amma idan aka sa musu sukari a baki suna nuna alamar jin daɗi. Wato sha'awar abu daban, jin daɗinsa daban. Wannan ne ya sa mutum zai iya raba dare yana kallon bidiyon da shi kansa ya san ba ya ƙara masa komai.

Da gangan aka gina su haka

A 2006 Aza Raskin ya ƙirƙiro shafin da ba shi da ƙarshe, wanda ya kawar da gaɓar da mai karatu kan tsaya ya yanke shawarar tashi, kuma daga baya ya ce ya yi nadama. Facebook ya fito da maɓallin Like a 2009. A 2017 shugaban kamfanin na farko, Sean Parker, ya amsa cewa sun san suna amfani da wani rauni na halayyar ɗan Adam. Dalilin a fili yake: kuɗin waɗannan kamfanoni daga talla yake zuwa, kuma yawan tallar ya dogara ga yawan lokacin da ido ya ɗauka a kan allo.

Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa jarabar kafofin sada zumunta a jerin cututtuka ba, ko da yake a 2019 ta amince da ta wasannin bidiyo. Alamun da ta kafa a can suna da amfani a nan: mutum ya kasa taƙaita kansa, ya fifita abin a kan barci da aiki da iyali, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar.

Mene ne abin yi?

A 2018, masu bincike daga jami'o'in Stanford da New York sun biya wasu Amurkawa don su rufe shafinsu na Facebook na mako huɗu. A matsakaici, sun samu rarar kusan awa guda a rana, hankalinsu ya ɗan ƙara kwanciya, kuma da yawa sun rage amfani da shafin bayan gwajin. Amma kuma sun rage sanin labaran da ke gudana.

Ga Bahaushen da ke zaune a zangon Kumasi, ko unguwar Briqueterie a Yawunde, ko birnin N'Djamena, rufe waya baki ɗaya ba mafita ba ce, domin ta WhatsApp yake jin labarin haihuwa da rasuwa daga dangi, ta nan kuma yake cinikinsa. Abin da binciken ke nunawa shi ne, cire alamar da ke tayar da sha'awa ya fi sauƙi a kan kokawa da sha'awar bayan ta tashi. Ana iya kashe sanarwar manhajojin bidiyo a bar ta kira da saƙon iyali, a rufe ƙarar zaurukan da ba su da muhimmanci, a ware lokaci sananne na dubawa, a kuma bar waya a wajen ɗakin kwana. Ƙwaƙwalwar matasa ba ta gama ƙwari wajen kame kai ba sai bayan shekara 20, don haka iyaye ne ya kamata su sa wa yara wannan iyaka, su kuma fara kiyaye ta a kan kansu.