Ko Kun Sani? Akwatin da Ake Hawa Kamar Babur

Akwai akwatin tafiya da mai shi ke zama a kai ya tuƙa shi a filin jirgin sama. Yana da ƙaramin inji da kan tuƙi da batirin litiyom, wasu kuma na gudun kilomita 13 a awa ɗaya. Kamfanin Airwheel na ƙasar Sin na cikin masu ƙera shi.

Batirin ne matsalarsa. Litiyom kan ɗau zafi ya kama wuta, kuma idan wutar ta tashi a ma'ajiyar kaya ta jirgi, babu mai kai mata ɗauki da wuri. Shi ya sa tun Janairun 2018 manyan kamfanonin jiragen sama suka daina karɓar akwatin da batirinsa ba ya ciruwa. Idan za a ba da akwatin wurin awon kaya, dole a cire batirin a shiga jirgi da shi a hannu. Batirin da ƙarfinsa bai wuce wat-awa 100 ba yana wucewa, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, fiye da haka kuwa an hana.

A Japan doka na ɗaukarsa a matsayin ƙaramin babur, sai mai lasisi ke hawansa a titi. A 2024 'yan sandan Osaka sun miƙa wata ɗaliba 'yar ƙasar Sin ga masu gabatar da ƙara saboda hawansa a gefen titi ba lasisi.

Kafin ku saya, ku tabbatar batirin na ciruwa, ku kuma tuntuɓi kamfanin jirginku.